Gasar Tayi a Kwangilar Shimfiɗa Dogo: Shari'ar Layin Mombasa zuwa Nairobi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gwanjo ya san yadda ake yi. Mai kaya ɗaya ne, masu saye da yawa, kowa yana tayi a kunnen ɗan'uwansa, wanda ya fi ɗaga kuɗi shi ake sallama wa. To, hanyar da doka ta tanadar wa gwamnatoci wajen ba da kwangila gwanjo ce da aka juya. Mai saye ɗaya ne, watau gwamnati, masu sayarwa da yawa, watau 'yan kwangila. Kowa yana rubuta tayinsa a asirce ya liƙe, wanda ya fi rangwame kuma ya cika sharuɗɗa shi ke samun aiki. Wannan hanya ita za a riƙa kira gasar tayi a cikin wannan maƙala.

Maƙalar za ta dubi ƙa'idojin gasar dangane da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, wadda Hausawa ke kira dogo ko reluwe, a inda kuɗin aikin daga baitulmali suke fitowa, ko kuwa rance ne wanda jama'a za su biya. An zaɓi layin Mombasa zuwa Nairobi na ƙasar Kenya ya zama misali, domin a kansa ne aka shekara tara ana shari'a, tun daga Babbar Kotu har Kotun Ƙoli, a kan tambaya guda: shin an keta doka da aka ba da aikin ba tare da gasa ba? Abin da ake so mai karatu ya lura da shi shi ne, ƙa'idar gasa ba ta aiki sai in ta riga zaɓen ɗan kwangila zuwa. A aikin dogo kuwa, sau da yawa an gama zaɓen tun a wurin safiyo da wurin neman rance.

2.0 Ƙa'idojin Gasa

Dokokin ba da kwangila na ƙasashen Afirka da yawa kamanninsu ɗaya, domin akasarinsu an ɗora su ne bisa wani samfuri da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1994, sa'an nan Bankin Duniya ya matsa a yi aiki da shi. Saboda haka dokar Nijeriya ta 2007, wadda ta fi kusa da mai karatu, ta isa a nuna matakan da ita.

Ana farawa da shela. A yadda aka kafa dokar a 2007, aikin da ake gayyatar kamfanonin waje sai an buga shi a jaridun ƙasa aƙalla 2 da wata jarida da aka sani a duniya, mako 6 kafin ranar rufe karɓar tayi. Kowane mai tayi ana ba shi takardun da suka bayyana aikin, iri ɗaya da na abokin karawarsa, kuma a cikinsu ake faɗar ma'aunin da za a auna tayi da shi. Shi kuma zai haɗa tayinsa da takardar lamuni daga banki, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya yanka ba, don kada ya ci gasa ya noƙe. Ana jefa tayin a liƙe cikin akwati mai kulle. Wanda ya makara, a mayar masa da ambulansa ba a buɗe ba. Da zarar wa'adi ya cika sai a buɗe akwatin a bainar jama'a, a karanta sunan kowane kamfani da kuɗinsa da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Daga nan babu mai ikon gyara farashinsa.

Amma fa ba mafi araha kurum ake ba. Araha ba ta ado, kuma doka ta san haka. Kwamiti yakan fara tace waɗanda suka cika sharuɗɗa, ta fuskar ƙwarewa da kayan aiki da ƙarfin jari, sa'an nan a cikinsu a ɗauki mafi ƙarancin kuɗi. Wanda ya ci sai ya kawo wani lamunin na cika alkawari, wanda bai gaza kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin ba. Kafin alƙalamin da za a ba shi ma an ƙayyade shi. A 2007 kashi 15 ne cikin 100. Rarraba babban aiki gunduwa-gunduwa don a kauce wa gasa laifi ne mai hukuncin ɗauri. Dokar ta yarda a ba da aiki kai tsaye, amma a 'yan wurare ƙididdigaggu, kamar inda kamfani ɗaya kaɗai ke da kayan, ko inda wani bala'i ya auku ba a da lokacin jira.

Waɗannan matakai suna tafiya sumul in ginin makaranta ne ko rijiyar burtsatse. Dogo kuwa yana da halinsa. Kamfanonin da za su iya shimfiɗa kilomita ɗaruruwa, da gadoji da tasoshi da na'urorin ba da hannu, 'yan kaɗan ne a duniya. Har wa yau, ba a sanin kuɗin aikin sai an san ƙasar da za a bi: ina dutse, ina fadama, gada nawa, kwalbati nawa. Wanda ya yi safiyo shi ya san wannan, saboda haka in aka bar shi ya shiga gasa ya shiga da idonsa biyu, saura kuwa da lalube. Daɗin daɗawa, kuɗin sukan fi ƙarfin baitulmali, sai an ci bashi, mai ba da bashi kuwa da sharaɗinsa yake zuwa.

3.0 Abin da Ake Gudu

Ba yau aka fara ganin abin da rashin gasa ke haifarwa a aikin dogo ba. A 1862 gwamnatin Amurka ta yi dokar shimfiɗa layin da zai haɗa gabas da yammacin ƙasar, ta yi wa kamfanonin da za su yi aikin alkawarin filaye da rance gwargwadon tsawon da suka shimfiɗa: dala 16,000 a kowane mil a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, har zuwa dala 48,000 a cikin duwatsu. Sai manyan kamfanin Union Pacific, bisa jagorancin Thomas Durant, suka mallaki wani kamfani dabam a 1864, suka sa masa suna Crédit Mobilier, suka riƙa ba shi kwangilar ginin. Watau da hannun dama suke ba da aiki, da na hagu suke karɓa. Babban injiniyan layin, Peter Dey, ya ƙiyasta ɓangaren farko a kan kimanin dala 30,000 kowane mil, aka ba da shi a kan 50,000, ya ajiye aiki. An haɗa layin a 1869, amma asiri bai tonu ba sai 1872, lokacin da wata jaridar New York ta bayyana cewa wani ɗan majalisa, Oakes Ames, ya riƙa sayar wa abokan aikinsa hannun jarin kamfanin da araha don su kau da kai.

Abin lura a nan, an gina dogon, jirgi kuma ya bi ta kansa. Abin da aka rasa shi ne mutum na biyu da zai ce, ni zan yi a kan kaza. In babu shi, babu yadda za a san farashin gaskiya sai bayan an biya.

4.0 Yadda Aka Ba da Layin Mombasa

Tsohon dogon Kenya Turawan Ingila ne suka fara shi daga Mombasa a 1896, ya isa bakin Tabkin Victoria a 1901. Faɗinsa mita 1 ne, kuma da tafiya ta yi nisa ya tsufa ƙwarai, har yawancin kayan tashar jiragen ruwa ta Mombasa suka koma kan manyan motoci. Babu mai musun cewa ƙasar tana bukatar sabon layi mai faɗin milimita 1,435, irin wanda aka fi amfani da shi a duniya. Rigimar a kan yadda aka ba da shi take, kuma ba za a fahimce ta ba sai an bi kwanakin bi da bi.

A watan Agusta na 2009 Ma'aikatar Sufuri ta Kenya ta sa hannu a wata takardar fahimtar juna da China Road and Bridge Corporation, kamfanin gwamnatin ƙasar Sin, wanda za a riƙa taƙaita sunansa da CRBC. Kamfanin ya ɗauki nauyin binciken yiwuwar aikin da zanen farko kyauta, bisa sharaɗin in an amince da rahotonsa shi za a ba aikin. A watan Janairu na wannan shekarar kuwa Bankin Duniya ya riga ya hana wannan kamfani shiga kwangilolin da bankin ke biya har shekara 8, saboda wata badaƙalar tayi a aikin hanyoyin mota na ƙasar Filifin. Hanin bai ɗaure Kenya ba, tun da yake ba kuɗin Bankin Duniya za a kashe ba, amma gasa ta gari da ta tilasta a tattauna shi a fili.

Kamfanin ya miƙa rahotonsa, hukumar jiragen ƙasa ta Kenya ta amince, aka sa hannu a kwangilar gini a watan Yuli na 2012, da ta sayen kawunan jirage da taragu da sauran kayan aiki a watan Oktoba. Shugaba Uhuru Kenyatta ya aza harsashi a watan Nuwamba na 2013. Yarjejeniyar rance da Bankin Exim na ƙasar Sin kuwa ba a sa mata hannu ba sai watan Mayu na 2014, lokacin ziyarar Firayim Minista Li Keqiang a Nairobi. Bankin ya ɗauki kashi 90 cikin 100 na kuɗin, Kenya ta ɗauki 10, ta kuma ɗora harajin kashi 1.5 cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su don aikin dogo. Jimillar kuɗin shilin biliyan 327 ne, sama da dala biliyan 3 da rabi, a kan layi mai tsawon kilomita 472. Har zuwa wancan lokacin, tun samun mulkin kai ƙasar ba ta taɓa yin aiki mai tsadarsa ba.

Mai karatu zai ga cewa kamfani ɗaya ne ya ce aikin zai yiwu, shi ya zana shi, shi ya yanka kuɗinsa, shi ya taimaka aka samo rancen, shi kuma ya gina. Kyautar da ya yi ta bincike, in aka duba, ita ce ta fi komai tsada a cikin cinikin, domin da ita aka rufe ƙofa.

5.0 A Gaban Alƙalai

Tsarin mulkin Kenya na 2010, a sashe na 227, ya wajabta wa kowace hukumar gwamnati ta yi sayayya bisa tsari mai adalci da daidaito, a fili, cikin gasa, tare da tattalin kuɗi. Dokar sayayya ta 2005, a sashe na 29, ta sa buɗaɗɗiyar gasa ita ce asali, sauran hanyoyi kuwa sai da izini a rubuce da dalili a rubuce. Sai dai sashe na 6(1) na dokar ya bar wata kafa. Ya ce in dokar ta ci karo da wata yarjejeniya da Kenya ta ƙulla, dokar ce a sama, in ban da inda tallafi ne ko rance da aka yi shawarwari aka daidaita a kansa. A kan wannan togaciya shari'ar duka ta rataya.

A 2014 wani ɗan fafutuka, Okiya Omtatah, wanda ya zama sanata a 2022, da abokinsa, da kuma Ƙungiyar Lauyoyin Kenya, suka kai ƙara suna neman a tsayar da aikin. A watan Nuwamba na wannan shekara Mai Shari'a Isaac Lenaola na Babbar Kotu ya kori ƙarar. Ya yarda da hujjar gwamnati cewa aikin yana ƙarƙashin rancen da aka daidaita, ya kuma cire takardun da masu ƙara suka dogara da su, domin ba ta hanyar da doka ta tsara suka same su ba. Nan akwai abin dubawa. Da an yi gasa, da yawancin abin da ke cikin irin waɗannan takardu an karanta shi da ƙarfi a ranar buɗe akwati. Da yake ba a yi ba, sai ya zamana mai son ya nuna an ɓoye abu dole ya nemi izinin wanda ya ɓoye.

Masu ƙara suka ɗaukaka. Kafin a yanke hukunci aka gama aikin, aka buɗe layin ranar 31 ga Mayu 2017, jirgin fasinja mai suna Madaraka Express ya fara kai mutane Nairobi cikin sa'a 5 ko ƙasa da haka, tafiyar da a tsohon layi takan wuce sa'a 10. Sai a watan Yuni na 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi magana, ta bakin alƙalai 3, cikinsu har da Martha Koome wadda ta zama Babbar Jojin ƙasar a 2021. Sun amince da cire takardun, amma suka ce hukumar jiragen ƙasa ta saɓa wa sashe na 227 na tsarin mulki da sassa na 6(1) da 29 na dokar. Hujjarsu ta lissafin kwanaki ce. An ɗauki ɗan kwangila a 2012, an ƙulla rance a 2014; yaya za a ce rancen da bai wanzu ba shi ya tilasta ɗaukar kamfanin? A ganinsu ba rancen ne ya kawo ɗan kwangila ba, ɗan kwangila ne ya kawo rancen.

Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ita ce ta fi dacewa da manufar doka. Togaciyar sashe na 6(1) an yi ta ne don kada ƙasa ta rasa rance mai sauƙi saboda sharaɗin mai bayarwa. In aka ce tana rufe har cinikin da aka gama kafin rance, to, duk jami'in da ke son kauce wa gasa ya sami hanya: ya zaɓi kamfaninsa yau, ya nemo bashi gobe, bashin ya wanke zaɓen. Amma hukuncin ihu ne bayan hari, gama jirgi ya shekara 3 yana tafiya, kuɗi kuma an kashe.

Hukumar jiragen ƙasa ta garzaya Kotun Ƙoli, wadda a watan Yuni na 2023 ta rushe wancan hukunci. Ta ce cinikin tsakanin gwamnati da gwamnati aka yi shi, saboda haka sashe na 6(1) ya fitar da shi daga dokar 2005, kuma bai saɓa wa sashe na 227 ba. Lalle ne a yi wa wannan matsayi adalci. A aikace Bankin Exim na Sin ba ya ba da irin wannan rance sai aikin yana hannun kamfanin ƙasarsa, kuma ya saba ganin kwangila a ƙasa kafin ya saki kuɗi. In haka ne, kwangilar 2012 da rancen 2014 gaɓoɓi ne na ciniki guda wanda aka faro tun 2009, raba su da kwanan wata kuwa bai canja hakikaninsu ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai ko an karɓi wannan, tambaya ɗaya ta rage. Kamfanonin Sin masu gina dogo ba ɗaya ba ne, kuma ana iya cika sharaɗin banki a kuma sa su kara da juna. Sharaɗin rance yana iya taƙaita masu shiga gasa, amma ba lalle ne ya mai da su mutum ɗaya ba.

6.0 Batun Farashi

Shin Kenya ta biya fiye da kima? Masu suka sukan kwatanta da maƙwabciyarta Tanzaniya. A can, bayan Shugaba John Magufuli ya hau mulki a 2015, an yi watsi da shirin farko na ba kamfanonin Sin aikin, aka yi shelar neman masu tayi. A watan Fabrairu na 2017 aka ba kamfanin Yapi Merkezi na Turkiyya da Mota-Engil na Fotugal ɓangaren Dar es Salaam zuwa Morogoro, kilomita 300 in an haɗa da layukan ratse, a kan kimanin dala biliyan 1.2, kuma mai aiki da lantarki, alhali na Kenya da man dizal yake tafiya. In aka raba kuɗi da tsawo, na Tanzaniya ya fi araha nesa.

Amma kwatancen yana bukatar hattara. Kuɗin Kenya sun haɗa da kawunan jirage da taragu, layin kuma ya hau tudu mai nisa daga bakin teku zuwa Nairobi, ya ratsa gandun dajin Tsavo a kan dogayen gadoji don giwaye da sauran namun daji su riƙa wucewa ta ƙarƙashi. Ta fuskar lokaci ma Kenya ce ke da abin faɗa, domin an gama nata kafin wa'adi, na Tanzaniya kuwa da aka sa ran gamawa a 2019 bai fara ɗaukar fasinja ba sai 2024. Ashe gasa ba ta lamunce sauri. Abin da take bayarwa shi ne ma'auni, watau farashi na biyu a kan aiki ɗaya, a ƙasa ɗaya, a rana ɗaya. Rashin wannan ma'auni ne ya sa masu suka da masu kāriya duka suka koma aron alƙaluman wata ƙasa, kowa yana ɗaukar wanda ya yi masa daɗi.

Nauyin bashin kuwa bai tsaya a takarda ba. Don layin ya sami kuɗin shiga, gwamnati ta tilasta wa masu shigo da kaya su ɗora kwantenoninsu a jirgin ƙasa zuwa Nairobi, abin da ya durƙusar da masu manyan motoci da dillalan fito na Mombasa, har Shugaba William Ruto ya janye umurnin a watan Satumba na 2022. Watau rashin gasa a wurin gini ya jawo hana gasa a wurin dako.

Tun shari'ar tana gaban kotu majalisar Kenya ta sake dokar sayayya a 2015. Sabuwar dokar ta fito fili ta cire sayayyar da ake yi ƙarƙashin yarjejeniya tsakanin Kenya da wata gwamnati daga cikin abubuwan da take hukunci a kansu, saboda haka kafar da aka yi ta jayayya a kanta ta zama ƙofa mai ƙyaure. Takardun rancen kansu ba su fito ba sai watan Nuwamba na 2022, lokacin da ministan sufuri Kipchumba Murkomen ya saki wasu daga cikinsu, shekara 5 bayan jirgi ya fara tafiya. A cikinsu aka ga sharaɗin riƙe sirri, da kuma sharaɗin cewa in saɓani ya taso tsakanin Kenya da bankin, a ƙasar Sin za a je a warware shi.